Hattara da Gidan da Ba a Ɗaure Ba

Daminar 2021 ta shigo Um Rakuba da fushi. Tun ƙarshen watan Mayu hadari yake haɗowa, iska ta riga ruwa isowa kamar yadda ta saba a ƙasar Gadarif ta Sudan, ta faɗa sansanin 'yan gudun hijira tana kwasar tantuna tana jifa da su. Kafin 'yan makonni su shuɗe, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ba da lissafin cewa tanti kusan 4,000 cikin 10,000 sun lalace a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, kuma abin ya shafi mutum sama da 16,000. Bayin Allah da suka tsere wa yaƙin Tigray na Habasha tun Nuwamban 2020, suka ƙetare kogin Setit a Hamdayet da ɗan ƙunshin da hannu zai iya ɗauka, su ne suka sake wayar gari a fili, cikin taɓo, hatsinsu da shimfiɗunsu sun jiƙe.

Duk wanda ya taɓa kafa tanti ya san ta inda yake ba da mai shi. Sau da yawa tamfol ɗin kansa lafiya lau ake tsinto shi, a maƙale jikin ƙaya. Turke ne ke tugewa in ƙasa ta sha ruwa, ko igiya ta tsinke a bakin ƙulli, ko sanda ta goce a inda aka zura ta cikin 'yar'uwarta. A wurin haɗi matsuguni yake mutuwa, ƙarami ne ko babba.

Na tuno da wannan ne saboda abin da ke tunkaro mu ya fi tanti nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta bi bayanta a tsakiyar 2024, jihar Gadarif ta karɓi ɗaruruwan dubban mutane a kan waɗanda take ɗauke da su. Makarantu suka koma masaukai, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Waɗanda suka fara komawa garuruwansu kuwa kango suka tarar. A irin wannan hali kasuwar gidan harhaɗawa take buɗewa: bango da rufi da aka ƙero a masana'anta falle-falle, wani kwano ciki da waje da soso a tsakiya, wani allon siminti, wani na roba, a lodo a mota daga Bur Sudan, a sauke, a tayar cikin kwana biyu ko uku. Ofisoshi, ɗakunan shan magani, azuzuwa, shaguna, ɗakunan haya, ga tallarsu nan a Facebook da hotuna masu sheƙi. Ban ga laifin mai sha'awarsu ba. Wanda ya taɓa ganin yadda gobarar rani ke lashe unguwar bukkoki kafin a ɗebo ruwa, dole ransa ya biya da bangon da ba na ciyawa ba, ko da yake sosan da ke cikin wasu allunan shi ma wuta tana cinsa, kuma hayaƙinsa guba ne.

Laifin da nake kuka da shi yana can inda ido ba ya kaiwa. Allo ake talla, allo ake yabo, a ƙwanƙwasa shi da yatsa a ce wa mai saye ya ji ƙararsa, ya dubi kaurinsa da fentinsa. Amma ƙusa da sukuru da noti da ƙarfen kusurwa da rodin da ke riƙe ƙafar bango a cikin kankare, waɗanda su ne ke mai da tarin alluna gida, a nan ake tauye mudu. Inda zane ya ce takwas, a sa huɗu. Inda ya ce ƙarfe mai rufin tutiya, a sa baƙin ƙarfen da aka shafa wa fenti. Inda ya ce a nutsa noti cikin kankare, a huda ɗan rami a soka. Da an rufe da murfi an goge ƙura, shi ke nan, an binne ha'incin, ba mai tono shi sai iska.

Yawancinmu mun tashi da sanin cewa aikin gini shi ne ɗaukar nauyi daga sama ya sauke a ƙasa. A ginin laka ko na bulo galibi haka ne, nauyinsa ke zaunar da shi. Gidan allo ba shi da wannan gatan. Rashin nauyin da ya sa mota ɗaya take ɗauko shi, shi ne ya sa iska take iya ɗaga shi. Iska in ta bugi bango ta haura kan rufi, tsotsarsa take yi zuwa sama. In kuma ta sami ƙofa ko taga ta kutsa, sai ta turo daga ciki, a taru wa rufin ta sama da ta ƙasa. Abin da zai hana shi tashi riƙo ne mai bin riƙo: sukuru ya kama allon rufi a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ƙarfen ya kama kan bango, bango ya kama ƙarfen ƙasa, noti ya dasa ƙarfen a kankare, kankaren kuma ya yi nauyi da zurfin da ƙasa za ta riƙe shi. Mahaɗa biyar ke nan, ko fiye. In huɗu sun yi kyau ɗaya ta yi sako-sako, ƙarfin gidan gaba ɗaya bai wuce na wannan ɗayar ba.

Ga lissafin a fili. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana matsar kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kusa kilo 50. Ɗaki mai mita huɗu-huɗu, in an haɗa da bakin rufin da ya leƙo waje, rufinsa ya kai murabba'in mita 20. Ke nan iska na iya jan wannan rufin sama da ƙarfin da ya kusa tan guda, alhali allunan rufin nauyinsu kamar kilo 200 ne, in kwano ne zalla ma bai kai 100 ba. Ragowar kilo 800 ɗin a wuyan sukurori yake. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake hawa ba, in gudunta ya ninka biyu ƙarfinta ninki huɗu yake yi. A kusurwoyi da gefen rufi tsotsar ta fi tsanani nesa ba kusa ba, shi ya sa zane na ƙwarai yake jera sukurori kusa-kusa a can. Wanda ya rage rabinsu ya ɗora wa kowane ɗaya kayan biyu. Na kusurwa ne zai fara saki, kayansa ya koma kan na kusa da shi, shi ma ya saki, kafin ka ce kwabo falle ya tashi. Fallen ƙarfe mai kaifi a cikin iska, a sansani ko unguwar da ɗaki ke jikin ɗaki, ba masu gidan kaɗai zai nema ba. Yaron maƙwabci da ya fito kama akuya ma yana kan hanyarsa.

Sai kuma ƙasar tamu. Baƙar lakar Gadarif da ke ba mu dawa da riɗin da muke tinƙaho da su, ita ce babbar abokiyar gabar tushen gini. Da rani takan dare, tsagar ta yi zurfin da za ka zura hannu har gwiwa ba ka taɓo ƙarshenta ba. Da ruwa ya sauka sai ta sha ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta, kuma ba daidai take ɗagawa ba, wani gefe ya fi wani. Turken da ƙato ya sha wahalar bugawa da guduma a watan Maris, a watan Yuli yaro zai zare shi da hannu ɗaya. Don haka wanda ya shimfiɗa siminti kaurin yatsu uku a kan wannan ƙasa, ya soka noti ya ce ya dasa gida, ƙarya yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Dole tushe ya nutsa ƙasa da inda danshi ke zuwa yana tafiya, ko a kwashe lakar a cike da tsakuwa da yashi a daddaɓe, a kuma yi wa ruwa hanya nesa da gindin bango. Gidan da aka tsara don ƙasa mai tsauri a wata nahiya ba a kawo shi nan a ɗora yadda ya zo.

Rana ma na nata aikin a ɓoye. A Afrilu da Mayu zafin Gadarif na haura digiri 40 a inuwa, kwanon da ke cikin rana kuwa ya wuce haka da nisa. Ƙarfe mai tsawon mita 6, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, yana miƙewa fiye da milimita 3, da dare ya koma, kullum ta Allah. Ramin sukuru ya riƙa faɗaɗa, robar da ke ƙarƙashin kansa in ta banza ce ta bushe ta farfashe, ruwa ya sami hanya, tsatsa ta shiga tana ci daga ciki. Bayan 'yan damuna ka ga kan sukuru tsaf a waje, jikinsa kuwa ya zama gari. In katako ne a wurin, gara ce za ta yi wannan aikin.

Mai ganin wannan tsoro ne na ƙasashen talakawa, ya nemi labarin Ronan Point. Bene ne mai hawa 22 a gabashin Landan, an harhaɗa shi da manyan allunan kankare da aka zubo a masana'anta, aka kammala shi a farkon 1968. Ranar 16 ga Mayun shekarar, da sassafe, wata mata a hawa na 18 ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi, gas ɗin da ya yi yoyo ya fashe. Fashewar ba wata gagaruma ba ce, ita matar ma ta rayu. Amma ta ture allon bangon waje daga mazauninsa, benayen da ke sama suka rasa madogara suka rufto, nauyinsu ya bi kusurwar ginin yana karya hawa bayan hawa har ƙasa. Mutum 4 suka mutu, 17 suka jikkata, kuma abin ya tsaya a haka ne don ɓangaren da ya zube faluka ne, mutane kuwa ba su tashi daga barci ba. Bincike ya nuna allunan ba su da ɗaurin da zai riƙe su da juna in ɗaya ya goce. A 1970 aka gyara dokar gini ta Ingila, aka wajabta ɗaure sassan dogayen gine-gine ta yadda faɗuwar ɓangare ɗaya ba za ta ja saura ba. Shi kuma benen aka yi masa gyara, mutane suka koma ciki. Wani masanin zanen gini, Sam Webb, ya yi ta naci shekara da shekaru cewa ginin bai aminta ba. Da aka zo rushe shi a 1986, hawa-hawa aka warware shi don a ga cikin mahaɗun, sai ga wuraren da ya kamata a cike da siminti an bar su holoƙo, wasu an cusa musu tsofaffin jaridu da shara. A kan wannan iyalai suka yi shekaru suna kwana da 'ya'yansu. A Ingila ke nan, mai injiniyoyi da sufetoci da kotuna. To ina ga ƙasar da yaƙi ya tarwatsa ofisoshinta, ya watsa ma'aikatanta, ya bar kowa da abin da zuciyarsa ta ba shi?

Girgizar ƙasar Armeniya ta 7 ga Disamban 1988, wadda ta kashe aƙalla mutum 25,000, ta nuna ɗaya fuskar. A birnin Leninakan, Gyumri a yau, benaye masu hawa tara da aka harhaɗa ginshiƙansu da waldar ganganci suka zube da mutane a ciki, 'yan ƙalilan ɗin da aka gina da manyan alluna masu ɗaurin ƙwarai kuma suka tsaya, a gari ɗaya, a girgiza ɗaya. Ke nan harhaɗawar ba ita ce cutar ba. A Florida ta Amurka ma, bayan guguwar Andrew ta Agustan 1992, masu bincike sun tsinci allunan rufi da ƙusoshinsu suka kuskure katakon da aka nufa, aka bar su haka aka rufe.

Ƙa'idar mahaɗa ba wani sirri ba ce. Tambayoyi ne da kowane mai hankali zai iya yi. Kilo nawa haɗin nan zai ɗauka kafin ya zare? In an tura bangon ta gefe, yaya zai karkata, kuma zai dawo? In an yi ta ja ana saki sau dubbai, kamar yadda iska ke yi, zai ci gaba da riƙewa? Damina nawa zai gani kafin tsatsa ta cinye shi? Ruwa ko wuta za su iya bi ta tsagar? Amsa kuwa a wurin gwaji ake samunta: a harhaɗa bango cikakke da irin sukurorin da za a yi aiki da su, a kan tazarar da za a ba su, a sa na'ura ta yi ta turawa har ya gaza, a rubuta adadin. Turai na da ƙa'idar EN 14509 ta allunan kwano masu soso, Amurka na da ASTM E72 ta gwajin ƙarfin allunan gini. Sudan na da hukumar ƙa'idoji da ma'auni da majalisar injiniyoyi, Najeriya na da irinsu, SON da COREN, da kundin dokar gini na 2006. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Sai dai a yi hattara da wata dabara: ɗan kasuwa ya zaro maka shaidar ingancin allo mai tambari da hatimi, kai kuma ka ɗauka shaidar gida ce. Shaidar allo daban, shaidar haɗi daban. Gwajin da aka yi da noti mai lamba 8.8 a kansa bai shafi wanda aka musanya shi da mai 4.6 ba, wanda rabin ƙarfinsa gare shi, balle wanda ba shi da lamba ko ɗaya. Da zarar an canza sukuru, ko tazara, ko kaurin ƙarfe, takardar nan ta zama ta wani gidan, ba naka ba.

Ha'incin nan ba mutum ɗaya ke yinsa ba, shi ya sa yake yaɗuwa ba kunya ba tsoro. Mai shigo da kaya ya ce wa masana'anta a rage kaurin ƙarfen kusurwa, ai ba a gani. Ɗan kwangila ya karɓi aiki a farashin da shi kansa ya san ba zai isa ba, ya cire nasa ya sayar wa ƙarami, shi ma ya cire nasa ya miƙa wa na ƙasa da shi. Kafin kuɗi ya iso hannun mai riƙe da sifana ya zama ƙashi, to a ina za a fanshe? A buhun noti. Mai tsaron sito ya ga kwalayen sukurori sun yi masa yawa a ido, ya zare biyu ya kai kasuwa. Ma'aikacin da ake biya gwargwadon ɗakunan da ya tayar a yini ya cike rami ɗaya ya tsallake ɗaya. In rami bai zo daidai da rami ba, maimakon a kwance a daidaita, sai a danna da guduma, ko a ɗaure da waya, ko a ɗiga walda a kan ƙarfe mai tutiya, a ƙone rufinsa a buɗe wa tsatsa ƙofa. Daga ƙarshe mai duba aiki ya iso da rana tsaka, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ɗauki hoton da zai sa a rahoto, ya rattaba hannu. Kowannensu in ka tare shi zai ce nasa kaɗan ne. Gaskiya ne, kaɗan ne. Amma duk kaɗan-kaɗan ɗin nan a kan mace ɗaya da 'ya'yanta za su taru, a dare ɗaya.

Uzurin da ya fi ci mini rai shi ne a ce ai na wucin gadi ne. Um Rakuba kanta ta ƙaryata wannan magana. Sansanin ya karɓi 'yan gudun hijira a shekarun 1980, lokacin yunwa da yaƙin Habasha, ya daɗe kafin a rufe shi, aka sake buɗe shi a Nuwamban 2020. An sa hannu a yarjejeniyar Pretoria ta tsayar da yaƙin Tigray a Nuwamban 2022, amma rikicin yammacin Tigray, inda da yawansu suka fito, bai warware ba, mutanen suka ci gaba da zama. Yaran da aka haifa a tanti sun tasa suna gudu a tsakanin ɗakuna. Abin da aka kafa da niyyar wata shida yakan shekara goma, iska kuma ba ta tambayar niyyar mai kafawa. Akwai wani uzurin da ba a furtawa, a zuci yake: ai 'yan gudun hijira ne, kyauta aka ba su, me za su ce? Nan ne zunubin ya fi girma. Wanda ya sayi gida da kuɗinsa yana iya kai ƙara. Wanda aka miƙa wa ɗaki yana godiya, ba shi da bakin tambayar noti nawa ke ciki, amanarsa gaba ɗaya tana hannun mai ɗaurawa. Mu da kakanninmu suka iso ƙasar nan a ƙafa, wasu a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, ya kamata mu fi kowa sanin halin baƙon da zai kwana a ƙarƙashin rufin da wani ya ɗaura masa.

Abin takaici, ilmin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsohon da ke ɗaurin jinka, a Gadarif yake ko a ƙauyen Katsina, bai taɓa jin lambar wata ƙa'ida ba, amma dubi aikinsa. Ya zaɓi dirka ya binne ta da zurfi, ya tsayar da tsaiko, ya kewaye shi da tanka zobe bayan zobe, kowace mahaɗa ya ɗaure ta da igiyar da ya jiƙa, ya ja da iya ƙarfinsa, in an ɗora jinkar ya sake ɗaure ta da jikin ɗaki. Ba ya tsallake ƙulli, don a gaban jama'a aka yi aikin, kuma in jinka ta tashi gari duka ya san hannun wane ne. Wannan shi ne abin da gidan masana'anta ya raba mu da shi: ƙullin ya shige cikin bango, mai ƙullawar ya hau mota ya tafi. Bayan ɓarnar 2021, da ƙungiyoyin agaji suka shiga gina ɗakuna masu ɗorewa irin na gargajiya a sansanonin nan, ga abin da mutanen ƙasar suka daɗe da sani suka koma.

'Yan'uwa na Kano da Sakkwato da Maraɗi kada su ɗauka labarin nesa ne. Kowane farkon damina sai an ji iska ta yaye rufin azuzuwa da masallatai da gidaje, a ce iftila'i ne. Je ka dubi katakon da ya faɗo. Sau da yawa ba langa-langa ko rodin da ya ɗaure shi da linta, ɗora shi kawai aka yi aka danne da bulo. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba a fakewa da ita bayan an ci kuɗin langa-langa. Yanzu ga alluna na shigowa can ma, a ofisoshi da asibitocin gaggawa da rukunin gidajen da ake alkawarin gamawa cikin 'yan watanni. Hannun da ya saba tauye ƙusa a rufin kwano ba zai tuba don an miƙa masa allo ba.

Injiniya, hannun da kake sawa a takarda shaida ce, kuma za a tambaye ka ita. Kada ka sa shi a kan mahaɗar da ba ka gani da idonka ba kafin a rufe ta. Jami'an hukuma da na ƙungiyoyi masu ba da kwangila, ku rubuta a yarjejeniya irin kowane noti da adadinsa da tazararsa, ku riƙe wani kaso na kuɗi har gida ya ga damina guda, ku zaɓi ɗaki a kowane rukuni ba da sanin ɗan kwangila ba, ku sa a kwance a ƙirga a gabanku. In an sami ragi a ɗaya, a kwance saura da kuɗinsa. Ku kuma nuna wa masu zama a ciki inda mahaɗun suke, ku bar musu sifana da ragowar sukurori. Malam mai walda, Malam kafinta, ɗan'uwana lebura, na san abin da ake ba ku bai taka kara ya karya ba, kuma ba ku kuka yanke farashi ba. Amma ku kaɗai kuka ga ramin da aka bari ba komai. In mai aiki ya ce ku tsallake, ku ce masa a'a, a gaban mutane. Malamanmu masu ja mana kunne da Suratul Muɗaffifina a kan mudun dawa da sikelin riɗi, ku ƙara da wannan daga kan mumbari, don mai tauye mudu aljihu yake cuta, mai tauye noti kuwa rai yake wasa da shi.

Kai kuma mai saye, kafin ka biya cikon kuɗi ka nemi zanen haɗi, ka tsaya a kan aikin ranar da ake ɗaure ƙafar bango da ranar da ake ɗora rufi, ka ƙirga da kanka, ka karanta lambar da ke kan noti. Ɗan kwangilar da ya hana ka ganin mahaɗa kafin ya rufe ta, kada ka ƙara masa ko sisin kwabo. In kuwa ɗakin ya riga ya tsaya, naka ne ko ba ka aka yi, Afrilu da farkon Mayu ne lokacinka. Ka kama kusurwar rufi ka jijjiga, ka ƙara ɗaure abin da ya saki, ka canza abin da ya yi tsatsa, ka cike ramin da aka tsallake, ka gyara sakatar ƙofa da ta taga, ka haƙa wa ruwa hanya. Ka kuma leƙa ɗakin maƙwabciyarka da ba ta da mai duba mata. A ƙasar Gadarif iskar farkon damina na iya tasowa tun ƙarshen Mayu, don Allah a gama wannan dubawa kafin lokacin.